Yadda Ake Gane Jirgin Leƙen Asiri a Sama da Kuma a Hoto

Duk wanda ya girma a Nima ko Mamobi ko Madina ya girma ne da ƙarar jirgin sama a kunnensa, domin filin jirgin Accra da sansanin sojojin sama da ke manne da shi ba su da nisa da unguwanninmu, har akan sami lokacin da mai magana zai dakata sai jirgi ya wuce sannan ya ƙarasa zancensa. Duk da wannan sabo, da zarar wani jirgi mai launin toka ya kewaya sau biyu a kan gari, sai ka ji majalisar masu shan ataya ta yanke hukunci cewa leƙen asirinmu ake yi. Zancen ya ƙara ƙarfi tun watan Maris na 2018, lokacin da majalisar dokokin Ghana ta amince da yarjejeniyar haɗin gwiwar tsaro da Amurka, jama'a kuma suka fito zanga-zanga a titunan Accra. Na daɗe ina kallon sama da tabarau mai hangen nesa, kuma abin da na tabbatar shi ne cewa yawancin jiragen da ake nunawa da yatsa na ɗaukar kaya ne ko na koyon tuƙi, alhali jirgin da leƙe ne aikinsa, ko dai ba a ganinsa sam, ko kuma kamanninsa ba su isa su ɗauki hankalin kowa ba. Mai son gane shi sai ya haɗa abubuwa uku: ƙarin da aka yi wa jikinsa, irin tafiyar da yake yi, da wurin da yake yin ta.

Kayan aikin ba su da yawa. Tabarau mai hangen nesa wanda aka rubuta 8x42 ko 10x50 a jikinsa ya wadatar, wanda ya fi haka ƙarfi kuwa rawar hannu kan hana a ga komai da shi. Sai ƙaramin littafi da biro domin rubuta rana da sa'a da inda jirgin ya fito da inda ya dosa. Kyamarar waya ba ta taimakawa sosai a nan, domin jirgin da ke nisan kilomita biyar zai fito a hotonta kamar ƙuda a jikin bango. Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne bayan an ɗauke ruwan sama, sa'ad da sarari ya washe. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe komai, kuma ba kai kaɗai yake takura wa ba, har kyamarar jirgin da ke sama wahalar gani take sha. Idan ƙara ka fara ji, kada ka dubi inda take fitowa, ka dubi can gabanta, saboda sauti yana ɗaukar kusan daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita ɗaya, kuma kafin ya iso kunnenka jirgin ya riga ya yi gaba.

Ka fara sanin na gida

Wanda bai san 'yan gida ba kowa baƙo ne a wurinsa, saboda haka aikin farko shi ne haddace jiragen da suke zirga-zirga a nan kullum. Rundunar sojojin saman Ghana tana da sansanoni a Accra da Takoradi da Tamale. Jirgi mai launin toka da aka fi gani a samanmu shi ne C-295, mai injuna biyu na farfela, wanda fukafukansa suke bisa gadon bayansa, da babbar ƙofar kaya a ƙarƙashin wutsiya, kuma aikinsa jigilar sojoji da kaya ne. Akwai ƙananan jiragen jet samfurin K-8 ƙirar China, waɗanda aka ƙera domin horar da matuƙa, sai kuma jirage masu saukar ungulu. Tambarin rundunar zobba ne masu launukan tutar ƙasa, wato ja da ruwan ɗorawa da kore.

Jirgin sa-ido na ainihi da Ghana ta saya shi ne DA42 na kamfanin Diamond da ke Austiriya, ɗan ƙaramin jirgi mai injuna biyu wanda faɗin fukafukansa bai wuce kimanin mita 13 ba. A Takoradi aka ajiye shi, kuma dalilin a fili yake: an gano man fetur a rijiyoyin Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a Disamba 2010, sai bukatar sintiri a kan teku ta ƙaru, ga kuma manyan jiragen kamun kifi da ke shigowa ruwan ƙananan masunta, ga 'yan fashin teku na mashigin Gini. Wanda ya ga wannan jirgi yana wucewa zai ɗauka na wani attajiri ne, sai in ya lura da abin da ke rataye a ƙarƙashin hancinsa.

Wanda ke zuwa ƙauyuka kuma ya kamata ya san jiragen Zipline marasa matuƙi, masu launin fari da ja, waɗanda suka fara aiki a Ghana a watan Afrilu na 2019. Jini da magani suke kaiwa asibitoci, suna sako kwalin da 'yar lema, kuma babu ruwansu da aikin soja.

Abin da za ka nema a jikin jirgi

Masu ƙera jirgi suna son jikinsa ya zama sumul, domin kowane ƙullutu yana jan iska yana ƙara shan mai. Idan kuwa haka ne, duk inda ka ga an ɓata wannan sumul ɗin da kumburi ko tsini ko faifai, to akwai na'urar da aka ga ta cancanci a yi asarar mai dominta. Wannan ita ce ƙa'idar da dukkan sauran bayanin ya rataya a kanta.

Abu na farko kuma mafi yawa shi ne ƙwallo, mai girman ƙwarya ko ya ɗan fi, a ƙarƙashin hanci ko ƙarƙashin ciki, da tagogin gilashi biyu ko uku a fuskarsa. A cikinsa akwai kyamarar rana mai jawo nesa kusa, da kyamarar da ke ganin zafi, wani lokaci har da hasken leza na auna nisa. Ƙwallon yana juyawa kowace fuska, kuma an yi shi yadda ko jirgin yana girgiza hoton ba zai motsa ba. Kyamarar zafi ita ce ke aikin dare: tana nuna mutum a cikin daji, tana nuna injin babur da aka kashe bai huce ba, tana nuna murhun da aka yi girki a kansa. Sai dai ba ta ratsa bango ko kwanon rufi, iyakarta ta nuna zafin da ke jikin bangon ko rufin, don haka maganar cewa ana kallon mutum yana kwance a ɗakinsa ba ta da tushe. Gajimare mai kauri ma yana makantar da ita.

Saboda wannan rauni ne ake ƙara na'urar rada, wadda ba ta damu da gajimare ko hazo ko duhu ba. Alamarta ita ce dogon kumburi mai siffar kwalekwale a kife a ƙarƙashin cikin jirgi, ko kuma wani zagayayyen tulu a wurin. Irin wannan rada gefe take kallo, tana aika igiyar rediyo tana karɓar amsa-kuwwa yayin da jirgin ke tafiya, kwamfuta kuma tana haɗa amsoshin su zama hoto. Tana iya ware abin da ke motsi, kamar jerin motoci a hamada, daga abin da ke tsaye. Jiragen da aka fi ɗora wa ƙwallo da kwalekwale a wannan yanki namu ƙananan jiragen fasinja ne masu farfela, musamman King Air mai injuna biyu da wutsiya mai siffar harafin T. Irinsa ne na sojojin saman Nijeriya da ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja ranar 21 ga Fabrairu 2021, a kan hanyarsa ta zuwa Minna lokacin da ake neman ɗaliban Kagara da aka sace. A 2012 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa Amurka tana tashi da ƙananan jirage samfurin PC-12 daga Wagadugu domin sa ido a yankin Sahel, kuma an zaɓe su ne saboda sun yi kama da jiragen haya da kowa ya saba gani. Wannan ya isa ya nuna cewa launin toka ba hujja ba ne, farin fenti kuma ba shaidar tsarki ba ne.

Faifai a bisa gadon baya shi ne alamar da ba ta ɓuya. E-3 na Amurka, wanda aka fi sani da AWACS, jirgin Boeing 707 ne da aka kafa masa faifai mai faɗin kimanin mita 9, yana juyawa sau 6 a minti ɗaya idan yana aiki. Rasha tana da A-50 mai irin wannan siffa, wasu sababbi kuma, kamar E-7 da jiragen kamfanin Saab na Suwidin, wani abu miƙaƙƙe mai siffar katako suke ɗauke da shi maimakon faifai. Babban aikin waɗannan shi ne gano jiragen sama da makamai masu linzami tun daga nesa, su kuma ja ragamar jiragen yaƙinsu. Dalilin ɗaga rada sama kuwa lanƙwasar duniya ce. Rada da ke ƙasa ba ta ganin jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a bayan lanƙwasar, amma wadda aka ɗaga mita 9,000 tana hangen kusan kilomita 400, kamar dai yadda wanda ya hau hasumiyar babban masallacin Kanda zai ga abin da na tsakar gida ba zai gani ba. Da wuya ka ga mai faifai a samanmu, amma hotonsa ne jaridu suka fi liƙawa a kowane labarin leƙen asiri, ko ya dace ko bai dace ba.

Akwai kuma jirgin da kunne ne kawai. RC-135 na Amurka da Ingila yana da dogon hanci baƙi, da kumatu masu kumburi a gefe biyu bayan ɗakin matuƙa, da tarin ƙananan eriyoyi a ƙarƙashin ciki kamar haƙoran mashaci. Aikinsa sauraron rediyon sojoji da gano inda kowace rada take da irin muryarta. Jirgi mai eriyoyi da yawa fiye da kima, komai ƙanƙantarsa, wannan sana'ar yake yi.

Jiragen sintirin teku su ne suka fi yiwuwa su sauka a Accra, musamman lokacin atisayen haɗin gwiwa irin su Obangame Express da ake yi duk shekara a mashigin Gini. P-3 Orion yana da injuna huɗu na farfela da wani dogon tsini a ƙarshen wutsiya kamar harbin kunama, wanda a cikinsa akwai na'urar da ke jin yadda ƙarfen jirgin ƙarƙashin ruwa ke jirkita maganaɗisun ƙasa. Magajinsa P-8 Boeing 737 ne, irin wanda ke ɗaukar fasinja zuwa Legas ko Abijan, kuma hanyar bambanta su ita ce tagogi: na fasinja yana da jerin tagogi daga gaba har baya, P-8 kuwa jikinsa a rufe yake sai 'yan kaɗan. A nan akwai tarkon da ya kamata mazauna Kumasi da Obuasi da Tarkwa su kiyaye. Ƙananan jiragen binciken ma'adinai su ma suna da irin wannan tsinin a wutsiya, domin su ma maganaɗisun ƙasa suke aunawa, kuma suna tafiya ƙasa-ƙasa layi bayan layi. Ƙaramin jirgi mai tsini a kan dazukan zinariya ya fi kusa da zama na masu neman ma'adinai.

Jirage marasa matuƙi suna da nasu karatun, kuma kai ake fara dubawa. Idan kan yana da doro kamar na kifin teku, to a cikin doron akwai faifan sadarwa da tauraron ɗan'adam, ma'ana mai tuƙin yana iya kasancewa a wata nahiya dabam, kamar yadda ake tuƙa da yawa daga jiragen Amurka daga sansanin Creech a jihar Nevada. MQ-9 Reaper yana da wannan doro, da fukafukai masu faɗin mita 20, da farfela a baya, da wutsiya mai reshe biyu da suka kalli sama da ɗan guntu ɗaya da ya kalli ƙasa. Wing Loong na China ya yi kama da shi ƙwarai, kuma masu rubuta labarai suna yawan musanya su. Global Hawk ya fi su duka girma, faɗin fukafukansa ya kusa mita 40, injin jet ne a bisa bayansa, yana iya wuce sa'o'i 30 a sama, kuma ba ya ɗaukar makami. Wanda ya fi shafarmu shi ne Bayraktar TB2 na Turkiyya, domin Burkina Faso da Togo da Mali da Nijar duk sun saye shi. Kansa a shafe yake babu doro, faɗin fukafukansa mita 12 ne, wutsiyarsa kuma sanduna biyu ce da suka haɗu a sama kamar jinkar ɗaki. Rashin doron yana nuna cewa daga ƙasa ake masa magana kai tsaye, don haka masu tuƙinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwan kilomita daga inda yake ba. Bayan kai sai ka dubi ƙarƙashin fukafukai, inda marataya suke. Idan akwai abin da ke rataye a jikinsu, jirgin ya tashi daga mai kallo kawai ya zama mai kallo da harbi.

Sarakunan wannan fage kuwa ba za ka gan su ba ko da sun bi ta kanka. U-2, wanda ya fara tashi a 1955 kuma ya shafe shekaru masu yawa yana aiki, yana hawa sama da ƙafa 70,000, wato fiye da kilomita 21, kusan ninki biyu na inda jiragen fasinja ke tafiya, har matuƙinsa sai ya sa kaya irin na 'yan sama-jannati. SR-71 da ya fara tashi a 1964 ya ninka gudun sauti sau uku, amma an daɗe da yi masa ritaya, kuma duk hotonsa da aka turo maka da sunan sabon labari ka san tsohon hoto ne.

Tafiyarsa da wurinsa

Jirgin da ke da wurin zuwa miƙewa yake yi. Mai kallo kuwa zama yake yi a wuri ɗaya, kuma zaman nasa iri uku ne. Mai ƙwallon kyamara yana zagaye abu ɗaya, fiffike ɗaya a karkace, yana iya shafe sa'o'i a haka. Mai rada ko mai kunne yana kai da komo a dogon layi, sau da yawa a gefen iyakar ƙasa ko gaɓar teku, domin na'urarsa gefe take kallo kuma ba ya bukatar tsallakawa kafin ya ga abin da ke ciki. Mai neman wani abu a teku yana bin layuka a jere kamar manomi yana huɗa.

Kafin ka yanke hukunci, ka cire waɗanda suke kewaye saboda wani dalili. Jirgin fasinja da aka ce ya jira saboda hadari ko cunkoso yana zagaye mai siffar filin sukuwa, kowane zagaye kamar minti 4, kuma da wuya ya daɗe bai sauka ba. Ɗalibin tuƙi yana tashi ya kewayo ya taɓa titin jirgi ya sake tashi, yana maimaitawa har ka gaji da ƙirga. Akwai kuma jirgin da ke gwada na'urorin sauka na filin jirgi, wanda ke gangarowa kamar zai sauka sai ya fasa, sau da yawa a rana ɗaya. Dukkan waɗannan a kusa da filin jirgi suke, kuma mu da muke zaune kusa da filin jirgin Accra su muka fi gani. Kewaye a kan Nima ba shi da nauyin kewaye a kan Bawku ko Paga da ke iyakar arewa, ko can cikin teku bayan Cape Three Points.

Da dare, jirgi yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da farar walƙiya. Haske fari da ke tafiya a hankali babu ƙiftawa babu ƙara, jim kaɗan bayan magariba ko kafin asuba, tauraron ɗan'adam ne da hasken rana ya taɓa. Idan jeri ne kamar carbi, sababbin taurarin Starlink ne da ba su gama rarrabuwa ba. Farin layin da jirgi ke bari a baya kuma tururin injin ne da ya daskare a sanyin sama.

Manhajar waya da lambar wutsiya

Yawancin jirage suna watsa sunansu da tsayinsu da gudunsu ta na'urar ADS-B, kuma manhajoji irin su Flightradar24 suna nuna su a taswira. Ka buɗe manhajar a daidai lokacin da kake kallon jirgin, ka nemi wanda ke inda kake. Idan ya fito da sunan kamfani da inda ya taso da inda za shi, magana ta ƙare. Idan ya fito babu suna, ka dubi samfurinsa da layin da ya bari a baya, domin layin shi ne zai nuna maka zagaye ko huɗa. Shafin ADS-B Exchange ba ya ɓoye jiragen da wasu manhajojin ke ɓoyewa, saboda haka yana da kyau a duba biyun. Sai dai ka riƙe abu biyu. Jirgin soja yana iya kashe na'urarsa, kuma idan ya bar ta a kunne, kamar yadda Global Hawk mai laƙabin FORTE ya riƙa yi a kan Baƙin Teku a 2022 duniya tana kallo, to so yake a gan shi. Na biyu kuma, na'urorin karɓar saƙon ba su da yawa a Afirka ta Yamma, don haka rashin ganin jirgi a manhaja bai tabbatar da cewa ɓuya yake yi ba.

Lambar da ke jikin wutsiya ko fiffike tana faɗin ƙasar da aka yi wa jirgin farar hula rajista. Ghana 9G ce, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V, Burkina Faso XT, Kwaddibuwa TU, Amurka kuma N. Farin jirgi mai lamba N da ƙwallo a ciki yana iya zama na ɗan kwangilar da wata gwamnati ta ɗauka haya.

Idan hoto ko labari aka turo maka

Ka fara da hoton kansa: ka ƙirga injuna, ka dubi wutsiya, ka nemi doro da ƙwallo da tambari, sannan ka gwada da sunan da aka rubuta. Ka sa hoton a Google Lens ka ga shekarar da ya fara fitowa. Na taɓa ganin hoton da ya zagaya zaurukan WhatsApp na unguwarmu da sunan jirgin da aka kakkaɓo a kan iyakar arewa, alhali duwatsun da ke bayansa da rubutun da ke jikin motar da ke gefe sun nuna wata nahiya ce dabam.

Sannan ka tambayi inda abin ya faru, domin a nan rigimar take kullum. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samaniyarta, kuma jirgin gwamnatin wata ƙasa ba ya shiga sai da izini. Ikon ya haɗa da mil 12 na teku daga gaɓa, abin da ya wuce nan kuwa sararin kowa ne. Shi ya sa da Iran ta harbo Global Hawk a Yunin 2019 kusa da mashigin Hormuz, ita ta ce ya shigo, Amurka ta ce bai shigo ba. Haka aka yi a farkon Afrilun 2025 da Aljeriya ta harbo jirgin Mali mara matuƙi kusa da Tinzawatan, kowane ɓangare da nasa lissafin kilomitocin. Sanarwar farko kuma a yi taka-tsantsan da ita. Ranar 1 ga Mayu 1960 Tarayyar Sobiyet ta harbo U-2 da Gary Powers ke tuƙawa, Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne da ya ɓace hanya, sai shugaban Sobiyet Khrushchev ya bayyana cewa matuƙin yana hannunsu da rai, ga kuma kyamara da hotunan da ta ɗauka.

Ka kuma lura da shekarar labarin, domin taswirar yankinmu ta canza. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, Amurka kuma ta fice daga sansaninta na jirage marasa matuƙi a Agadas a 2024. Duk rubutun da ke cewa jiragen Amurka suna tashi daga Agadas yanzu tsohon zance yake maimaitawa.

Iyakar da doka ta gindaya

Kallon sama daga soron gidanka ba laifi ba ne, amma ɗaga kyamara ko tabarau a gaban barikin soja na Burma Camp ko katangar sansanin sojojin sama neman fitina ne, kuma Dokar Sirrin Ƙasa ta 1962 tana nan da ranta. Kada ka haska jirgi da leza, domin yana iya makantar da matuƙi a lokacin sauka. Wanda ya sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi domin ɗaukar biki ko hawan Sallah wajibi ne ya yi masa rajista a Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana, kuma unguwanninmu da ke kusa da filin jirgi ba wurin tashi da shi ba ne sai da izini. Idan ka ga motsin jiragen sojojinmu a arewa, kada ka wallafa wuri da lokaci, domin waɗanda ake nema su ma suna da waya. Sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 kuma ya tanadi hukunci ga mai yaɗa labarin ƙarya da zai tsorata jama'a, kuma saƙon murya na WhatsApp yana iya jefa mutum cikin wannan.

Idan jirgi mara matuƙi ya faɗo kusa da kai, a gona ko a bayan gari, kada ka taɓa shi kuma kada ka bar yara su matsa, domin batirinsa yana iya kama wuta, manyan kuma suna iya kasancewa da mai ko makamin da bai tashi ba. Ka ja baya sosai, ka lura da wata alama ta wurin da za ka iya kwatantawa, ka kira 112 ko 191, sannan ka sanar da mai unguwa ko sarkin Zango domin a tsare wurin kafin jami'ai su iso.